Ku zo Jamestown ranar da babu abin da ya faru

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ni tela ne a unguwar Jamestown da ke bakin teku a birnin Accra, wanda mu Hausawan nan muke kira Ankara. Rediyona kullum yana kan teburin yanka, ina ɗinki ina sauraron ku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura sunan unguwarmu ba ya fitowa a labarai sai ruwa ya ci gidaje, ko gobara ta tashi, ko an zo ɗaukar hoton shara a bakin tafkin Korle. Ba ƙarya ake yi mana ba, duk akwai su. Amma a nan aka yanke mini cibiya, a nan na aurar da 'ya'yana, kuma ina so 'yan'uwanmu na Kano da Damagaram su san cewa akwai Bahaushen da ƙarar teku ce take sa shi barci, kuma yana gode wa Allah da hakan.

Ranarmu tana farawa tun kafin kiran assalatu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai a bakin hanyar da ke gangarawa gaɓa, yanzu ƙanwata ce ta gaji tukunyar. Masuntan da suka kwana a kan ruwa su ne masu cinikinta na farko. Za ka ga ƙato ya fito daga kwalekwale jikinsa duk gishiri, yana rawar ɗari, ya kama kofin koko da hannu biyu ya yi shiru sai ya shanye, sannan bakinsa ya buɗe. Shi yana yi mata yaren Ga, ita tana mayar masa da Hausa gauraye da Ga, ciniki ya faɗa. Ko ka san duk faɗin Ghana sunan wannan abin sha Hausa koko? Shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi kuwa, kowa waakye yake ce mata, daga kalmarmu ta wake. Kakanninmu sun zo da fatauci da fawa da aikin soja da allo, suka zauna, har abincinsu ya zama karin kumallon gari.

In na idar da sallar asuba nakan tsaya gindin hasumiyar fitilar nan mai ja da fari kafin in buɗe shago. An fara kafa ta a 1871, wadda ke tsaye yanzu kuma ginin shekarun 1930 ce. Daga nan kana hango kwalekwale sun jeru, kowanne an sassaƙo shi daga gungumen itacen wawa, an rubuta masa suna ko addu'a a gefe, an kafa masa tutoci. Da yawa daga tutocin nan ni na ɗinka su, shi ya sa nakan gane jirgin wane ne tun yana nesa. Mata kuma suna jira da manyan kwanoni, don a nan namiji ne ke kamo kifi, amma ciniki da banda da bashi duk a hannun mata suke. Wata ma ita ce ke saya wa jirgin mai, in an dawo ita ce ta farkon ɗiba. Hayaƙin bandarsu yana shiga har cikin yadin da nake yankawa. Baƙo yakan toshe hanci saboda ƙarni. Ni kuwa da na yi wata biyu a arewa wajen dangi, ƙarnin nan na fara nema da na sauko daga mota.

Talata masunta ba sa shiga teku, al'adar mutanen Ga ce tun kaka da kakanni. Ranar sai gaɓa ta koma wurin gyara: a shimfiɗa taru a ƙasa, dattawa su zauna suna ƙulle inda ya yage, yara suna ƙwallo a tsakanin jirage. Ita ce ranar da shagona ya fi cika, domin ranar ce mai wando ya sami sukunin kawo shi a yi masa faci, ya zauna a benci mu taɓa hira. A bencin nan na koyi cewa daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ya kawo abincin kifi sama, shi ya sa ƙananan kifin nan dangin sadin suke yawa a lokacin. A nan kuma nake jin kukansu: kifi ya ragu ƙwarai, manyan jirage masu jan taru suna kwashe har 'ya'yan kifi, wani lokaci a jawo taru a tarar leda ta fi kifi yawa. Wannan yana ci mini rai, domin in teku ta hana su, ni ma keken ɗinkina shiru yake yi.

Iskar teku ma tana karɓar harajinta. Almakashi, allura, kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, duk tsatsa take ci in ba ka bi su da mai ba. Ɗakuna sun yi mana kaɗan, bayan gida bai wadata ba. Amma iskar nan ce dai da la'asar take ratsa lungu ta kore zafi, kowa ya fito da tabarma ƙofar gida.

Tarihi kuwa muna gogayya da shi a hanyar kasuwa. Ga ganuwar James Fort da Ingilishi suka gina a 1673, inda aka tsare Kwame Nkrumah har ya ci zaɓen 1951 yana ciki aka sake shi. Gaba kaɗan ga Ussher Fort ta mutanen Holan, tun 1649. An tsare bayi a wuraren nan kafin a tsallaka da su teku, kuma kasuwar da matata ke cefane sunanta Salaga, sunan garin arewa da aka san shi da cinikin bayi. Nakan gaya wa jikokina wannan, don kada su ɗauka tsohon bango ne kawai. A Bukom, nan kusa da mu, yara ke koyon damben zamani a fili. Unguwar da ta ba duniya Azumah Nelson da Ike Quartey ke nan. Babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, shi ma a Cow Lane aka haife shi a 1919, tafiyar ƙafa ce daga shagona.

Abin da na fi so ku ji shi ne zamanmu da masu gari. Kafin bikinsu na Homowo sukan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda, majami'u da masallatai su rage lasifika. Muna kiyayewa. Ranar bikin, a watan Agusta, suna yi wa yunwa ature don tunawa da farin da kakanninsu suka tsallake. Abin da ya shafi tsafinsu ba na shiga, su ma sun sani, ba su taɓa matsa mini ba. Gaisuwa ce nake kai musu. Da Babbar Sallah kuma 'ya'yana ke zagawa da naman layya gida gida. Ranar da mahaifiyata ta rasu, masunta uku suka fasa fita, suka tsaya bayan sahu har aka sallace ta, suka raka mu maƙabarta.

Don haka roƙona, Malam Edita, ku turo wakilinku wata Laraba da babu ambaliya babu biki. Ya iso da asuba, ya kunna na'urarsa a gaɓa masu sauraro su ji waƙar masu jan kwalekwale da cinikin mata da kiran salla a tare. In ya iso hasumiyar fitila ya tambayi telan da ke ɗinka tutocin jirage, za a nuna masa. Kokonsa da ƙosansa suna wuyana.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani tela daga Jamestown, Accra