Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiya

Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan uwa mambobi.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamiti aiki guda: a taimaki uwa ta gane lokacin da jinkirin zama ko tafiyar ɗanta ya wuce na "kowane yaro da lokacinsa", ya kai a nufi masu gashin ƙashi, waɗanda muka fi sani da kine. A kansa muka ƙarar da shekarar.

Mun zaga unguwannin Bagalam, Mokoyo, Zariya da Sabon Gari a nan Maraɗi, muka leƙa garuruwan Tibiri da Jiratawa. Ranakun awo da rigakafi sun fi yi mana albarka, don mata na zaune da goyonsu suna jiran layi, kunne kuma a buɗe yake.

Ma'aunin da muka riƙe shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, wanda ta fitar a 2006 bayan bin yara a ƙasashe 5, har da Gana. Lafiyayyen yaro kan zauna da kansa tsakanin wata 4 da wata 9, ya taka shi kaɗai tsakanin wata 8 da wata 18. Tazarar na da faɗi, kuma wannan ya kwantar da hankalin iyaye da dama da kishiya ko maƙwabciya ta tsorata. Akwai ma yaran da ba sa rarrafe sam, sai a ga sun miƙe. Bakwaini kuwa ana cire masa watannin da bai cika a ciki ba kafin a yi lissafi.

Amma mun dage cewa kada a jira idan wuya bai tsaya ba bayan wata 4, ko wata 9 ya wuce babu zama, ko wata 18 babu taku. Haka idan jiki ya sake kamar tsumma, ko ƙafafu sun sandare suna harɗewa kamar almakashi in an ɗaga yaron, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule. Yaron da ya iya abu sannan ya daina, wannan na gaggawa ne. Tambayarmu ta farko ga uwa ita ce: ya yi kuka da aka haife shi? Sai mu tambaya ko ya yi ciwon shawara a satin farko, jijjiga, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da tamowa.

A wani gida mun tarar da yarinya ƴar wata 14 kwance a tabarma, kakarta na cewa ragwanci ne irin na ubanta. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Sakatariyarmu ta ce, "Inna, a ci gaba da addu'a, amma mu haɗa da asibiti." Yau mai gashin ƙashi ya nuna wa uwar yadda za ta zaunar da ita cikin babbar roba, zannuwa tokare da ƙugunta, da yadda za ta kifa ta a cinya tana kaɗa mata ludayi don ta ɗaga kai. Kakar ce yanzu ke tuna mata lokacin motsa jikin, ita da ta so ta hana mu shiga.

Jariran da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe, mun roƙi ungozomomi su turo su tun kafin suna. Da ɗaurin filasta da ake sabuntawa mako-mako, sannan takalmin gyara, ƙafar kan miƙe. Masu bukatar tiyata mun haɗa su da asibitin yara na CURE a Yamai. Duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya kuwa, cibiyar lafiya, wato CSI, za a kai shi ranar nan, saboda binciken shan inna.

Inda muka gaza shi ne bibiya. Gashin ƙashi ba allura ɗaya ba ce, watanni yake ci, kuma da damina ta sauka iyayen ƙauye suka ɗauke ƙafa, gona ta ja su. Kuɗin kabu-kabu ma ya karya wasu a nan cikin gari. Asusunmu bai iya ɗaukar kowa ba, tunda har yau akwai mambobin da ba su cika kuɗin wata ba.

Don haka kwamiti na neman amincewarku kan abu biyu: kowace mamba ta ɗauki gida ɗaya da za ta riƙa leƙawa duk Juma'a, sannan a biya kafinta ya ƙera mana kujerun zama da sandunan tatata da za a riƙa ba da aro. Ma'aji za ta karanta lissafin kuɗi bayan sallar la'asar.

Shugabar ƙungiya, a madadin kwamiti.