A Haɗa Kwamfutocin Gwamnati Kan Taswira Ɗaya

Malam Edita,

Ni ma'aikaci ne mai ritaya. A bana kaɗai, ofisoshi uku sun ɗauki hoton yatsuna, kowanne ya sake tambayar ranar haihuwata. Wani ya rubuta Muhammadu, wani Mohammed, sai fanshona ya tsaya wata biyu.

Ɗana da ke aikin kwamfuta ya ce min kowace ma'aikata ta gina rumbun bayananta yadda ta ga dama, kamar magina goma a fili ɗaya ba taswira. Maganinsa tsarin koyi guda: a amince kan yadda za a rubuta suna, kwanan wata da lambar shaida, da hanyar da kwamfutar wannan ofis za ta tambayi ta wancan.

Ƙasar Estoniya ta kama wannan hanya tun 2001 da X-Road, tsarin da ke haɗa kwamfutocin hukumominta. Can ƙa'idarsu ita ce hukuma ba ta sake tambayar ɗan ƙasa abin da gwamnati ta riga ta sani. Mu ma muna da lambar NIN, kuma NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, ta fitar da irin wannan tsari. Roƙona, kada a saki kuɗin sabuwar manhaja sai ta bi shi, har a jihohi.

Naku,
Wani ɗan fansho, Gusau