Ba sai da biskit ɗin Amurka ake gindin kek ɗin cuku ba

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da masu shirya shafin girke-girke, da kuma 'yan'uwana mata masu sana'ar kek a gida.

Kwanakin baya an kawo yadda ake haɗa kek ɗin cuku, wato cizkek, kuma abu na farko a jerin kayan haɗin shi ne biskit ɗin graham. Haka aka rubuta shi ƙwal, ba a ce ga abin da zai maye gurbinsa ba. Ni sana'ata ke nan, ina yin kek na sayarwa, ina kuma koya wa 'yan mata ranakun Asabar, don haka na san abin da irin wannan rubutu yake jawowa. Yarinya za ta shiga Kasuwar Sheikh Gumi ta bi rumfunan masu kayan kek ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, kowa ya ce mata babu, ta koma gida ta yanke cewa wannan kek ba na irinta ba ne. In ma ta dace da shi a wani babban kanti, kuɗin kwali guda ya isa ya cinye ribar gaba ɗaya. Roƙona shi ne duk lokacin da za a kawo girkin wata ƙasa, a riƙa gaya wa mai karatu aikin da kowane kayan haɗi yake yi, sannan a nuna mata abin da zai yi wannan aikin daga cikin kayan kasuwarmu.

Graham biskit ne na Amurkawa. Sunan wani mai wa'azi ne, Sylvester Graham, wanda a ƙarni na 19 ya yi ta kiran jama'a su ci garin alkama tare da dusarsa. A Ingila ma ba shi ake sawa ba, digestive suke dakawa, saboda shi ne a kantunansu. Kowa da abin da ke kusa da shi yake aiki.

Gindin kek, wato shimfiɗar ƙasa da ake zuba haɗin cuku a kanta, abu uku kawai yake so: busasshen abu mai ƙaras-ƙaras da aka daka, maiƙon da zai riƙe shi, da ɗan zaƙi. Ga gwangwanin kek mai faɗin inci 8, ina sa giram 200 na dakakken biskit da giram 90 zuwa 100 na narkakkiyar bota. Amma hannu ya fi sikeli sani. Ki damƙi haɗin a tafin hannunki ki saki. In ya tsaya a dunƙule, ya yi. In ya rushe, ƙara bota cokali ɗaya. In kika ga mai yana ƙyalli a tsakanin yatsunki, ƙara gari. Sai ki zuba a gwangwani ki bi shi da gindin kofi kina dannawa, kamar mai daɓen ɗaki, har lungu-lungu, domin gefen da ba a danne ba shi ke fara zubewa in an zo yanka.

Digestive ana samunsa a ko'ina, kuma ba ya bukatar wata dabara. Wanda na fi so mata su sani shi ne biskit ɗin kabin, don shi ne mai araha. Kabin ba shi da maiƙo sosai, zaƙinsa ma kaɗan ne, shi ya sa yake shan bota fiye da digestive. Ki sa shi a leda mai kauri ki murje da kwalba, ko ki daka a turmi mai tsabta wanda bai ga daddawa ba, ki ƙara sukari cokali biyu da madarar gari cokali ɗaya. Wallahi da wuya mai ci ya gane kabin ne. Cin-cin ɗin da ya rage bayan Sallah ma yana yi, har ya fi ƙamshi in an sa masa gyaɗar ƙamshi tun farko, sai dai tunda soyayye ne a rage bota kusan rabi. Biskit mai kirim a tsakiya, a daka shi da kirim ɗinsa, kar a ƙara sukari ko kaɗan. Konfilas ban cika so ba, yana saurin yin laushi da zarar haɗin cuku ya zauna a kansa.

Inda nake ganin mun fi masu graham sa'a shi ne gyaɗa da danginta. Ƙuli-ƙuli gyaɗa ce da aka matse mata mai aka soya, ga ƙamshi ga ƙarfi, kuma yana tafiya da tsamin cuku fiye da yadda mutum zai zata. Sharaɗi biyu ne. Na farko, ki ɗanɗana kafin ki saya, don wasu masu yi suna sa barkono da gishiri mai yawa, wannan na kwaɗon rama ne da shan gari, ba na kek ba. Nemi mai sukari ko wanda ba a sa wa yaji ba. Na biyu, kar ki sa shi shi kaɗai, zai yi tauri ya kuma danne ɗanɗanon kek ɗin. Kashi ɗaya na ƙuli, kashi uku na biskit, a tankaɗe a sake daka tsakin. In aka barbaɗa rabin ƙaramin cokali na garin citta, irin tamu ta Kachia mai zafin nan, an gama magana. Kwakwa ma haka, amma a goge ta a soya sama-sama a busasshen kasko har ta yi ruwan zuma, domin ɗanyar kwakwa ruwa gare ta, kuma ruwa ne ke kashe gindin kek. Akwai wata Hajiya da likita ya hana alkama, ita nake yi wa na dabino: a cire ƙwallo, a kirɓa da soyayyar gyaɗa da ɗan riɗi har ya kama jikinsa. Wannan ba ya bukatar bota, danƙon dabinon ya wadatar.

Maganar gyaɗa kuwa, duk mai sayarwa ta gaya wa mai saye cewa ta sa, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarta ko kaɗan, kuma abin kan kai ga asibiti.

Sai maiƙo, wanda shi ma marubuta ba sa tsayawa a kansa. Bota tana riƙe gindin ne saboda tana daskarewa in ta huce. Man gyaɗa ba ya daskarewa kamar bota, don haka ba zai yi ba. Majarin mai laushi na shafa wa burodi ya fi ruwa yawa, yana ba da gindi mai taushi, gara na gashi mai tauri. Man shanu yana yi sosai, amma ba wanda aka soya da albasa don miyar kuka ba. Ki sayi ɗanye wajen Fulani, ki wanke, ki narkar a wuta kaɗan ba tare da kin sa masa komai ba, ki tace. Ita bota kusan kashi 80 cikin 100 ne mai, sauran yawanci ruwa, shi kuwa tataccen man shanu kusan mai ne zalla, shi ya sa ake rage kashi ɗaya cikin biyar na awon.

Littattafan waje sukan ce a sa gindin a firiji kawai ba sai an gasa ba. Wannan shawarar mai wuta dare da rana ce. A nan Kaduna, a zafin Maris da Afrilu, in aka ɗauke wuta na 'yan sa'o'i botar ta saki, gindin ya zama gari a faranti. Ni gasawa nake yi kullum, ban da na dabino: minti 8 zuwa 10 a zafin digiri 180, har gefen ya fara ja. Wadda ba ta da obin ta zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ta rufe ya yi zafi, ta ɗora gwangwanin a kai. A bar shi ya huce sarai kafin a zuba haɗin cuku. In kuma fai ne, wato wanda ake zuba 'ya'yan itace a kan gindinsa, na mangwaro ko abarba mai yawan ruwa, a shafa wa gindin farin ƙwai yana fitowa daga wuta, a mayar minti biyu, ruwan ba zai ratsa shi ba.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Maman Ilham,
Unguwar Dosa, Kaduna.