Wasiƙa zuwa ga 'yata mai karatu a Kongo, Zariya

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya sanyin Zariya? Mu nan Daura kowa lafiya, alhamdu lillahi. Mahaifiyarki ta ba ni labarin wayar da kuka yi ranar Juma'a, cewa malamin da ke duba aikinki ya dawo miki da babi na biyu ya ce ki ƙaro karatu, har kika yi kuka kina cewa babu kayan aiki. Na ɗauki waya zan kira ki, sai na ga maganar ta fi ƙarfin kati. Shi ya sa na zauna bayan isha'i na rubuta, ƙanenki zai ɗauki hotonta ya turo miki.

Ki share hawayenki, malamin nan gata ya yi miki. Kayan aiki kuwa suna nan, wasu ma kina wuce su kullum a hanyarki ta zuwa aji. Tun 1947 aka fara horar da akawuna a Kongo, shekara goma sha biyar kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ma'aikatan En'e da na gwamnatin Arewa da yawa nan suka koyi aiki. Ni ma da aka tura mu kwas muna samarin ma'aikata, a laburaren Kennedy na fara sanin cewa aikin ofis ilimi ne mai zaman kansa. Ki shiga ki nemi kundayen waɗanda suka yi digiri na biyu da na uku kafin ke. Ki fara da shafukan ƙarshe, inda suka jera littattafan da suka karanta, nan za ki ga hanyar da suka bi. Abin da babu a Kongo ki hau mota zuwa Samaru, laburaren Kashim Ibrahim. Kuma ki riƙa gaida ma'aikatan laburare gaisuwa ta mutunci, don sun san inda kowace takarda take kwance, wani lokaci fiye da malaman.

Na intanet kin fi ni sani. Ƙanenki ya nuna mini Google Scholar da AJOL, inda ake tara mujallun bincike na Afirka, da JSTOR. Abin da zan ce kawai, ki tambayi laburare waɗanne rumbunan mujallu jami'a ta riga ta biya wa kuɗi, kada ki kashe naki a banza. Duk abin da kika karanta ki rubuta sunan mai shi da shekara da shafi nan take, ko a littafi ko a Zotero ɗin da kuke amfani da shi.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Kin zaɓi yin bincike a kan kuɗin ƙananan hukumomi da asusun haɗaka, kuma na ji daɗi, don a nan na ƙare ƙuruciyata, shekara talatin da biyar. Za ki karanta gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976, da sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 wanda ya tanadi asusun haɗaka tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton rabon arzikin ƙasa wata-wata, za ki ga abin da aka rubuta wa kowace daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar Katsina. Duk ki tattara su. Amma Uwata, abin da aka rubuta a Abuja daban, abin da ya iso teburin ma'aji daban, abin da ya zama rijiya ko aji ko maganin asibitin ƙauye kuma daban. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ukun ita ce bincikenki, kuma ba ta cikin kwamfuta. Tana cikin fayil, da baucan biyan kuɗi, da rahoton mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi, da bakin tsofaffin da suka sa hannu a kansu.

Ki ware mako guda ki je Kaduna. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa akwai fayilolin lardin Katsina, waɗanda ake yi wa lamba da KATPROF, cike da rahotannin Di'o-Di'o kan haraji da jangali da ƙidayar gundumomi. Za ki ga yadda baitulmalin En'e ya yi aiki tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, yadda ake kasa kuɗi, wa ke riƙe da mabuɗi, wa ke bincikar wa. Daga nan ki wuce Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda yake ƙarƙashin jami'arku. Game da garinmu kuwa, wani masani ɗan ƙasar Jamaika mai suna M. G. Smith ya wallafa littafi a 1978 kan sarautar Daura da tsarin mulkinta, ki neme shi. Ina so idan kin tsaya gaban malamai ranar kare kundinki, su ji cewa kin san mulki a ƙasar nan bai fara da zuwan sakatariya ba.

Ofisoshi kuma akwai yadda ake shigarsu. Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku mai hatimi. Kada ki fara da ofishin ciyaman, ki fara da rajista, wurin akawun da ke riƙe da fayiloli, ki gaishe shi, ki gaida masinja. Ma'aikaci yana tsoron bakinsa, don an rantsar da shi kan riƙe sirri, kuma yana da iyali. Ki yi masa alkawarin ba za ki ambaci sunansa ba, ki kuma cika. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba ma'aikatar gwamnati kwana bakwai ta amsa takardar mai neman bayani, ki san da ita, amma ki bar ta sai lallami ya ƙi. Wasu fayilolin ma ba za ki same su ba. Da idona na ga an kwashe na shekaru an zuba a sito lokacin da aka canza mana ofis, gara da ɗigar ruwa suka cinye su. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Wata shekara wani ɗalibi ya kawo mana tarin takardun tambayoyi, ya ajiye wa masinja da ɗan na goro, ya ce zai dawo jibi. Mutum biyu suka zauna ƙarƙashin dalbejiya suka cike su duka, suna canza biro. Na gani ban hana ba, kuma ina neman gafarar Allah a kan shirun nan. Yaron ya tafi ya rubuta cewa ga ra'ayin ma'aikata. Wataƙila yanzu darakta ne a wani wuri, yana yanke wa talakawa hukunci da irin wannan ilimin. Na roƙe ki, kada ki yi haka, kada kuma ki kai aikinki shagon masu rubuta wa ɗalibai kundi don kuɗi. Mutum ashirin da kika zauna da su kika saurara da kunnenki sun ishe ni alfahari.

Idan kin zo hutu zan kai ki wurin abokan aikina biyu da suka yi ritaya, ɗaya tsohon ma'aji ne, ɗaya ya daɗe a sashen ma'aikata. Na riga na yi musu magana, sun ce ki zo da littafi babba. A Kaduna gidan gwaggonki za ki sauka, na sanar da ita. Kuɗin mota da na hoton takardu zan turo idan fansho ya shigo, in sha Allahu. Mahaifiyarki ta ba direba kuka da daddawa da man shanu, zai kira ki idan ya iso Zariya ranar Laraba, ki bar wayarki a kunne.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani.

Wassalam,
Mahaifinki.