Wasiƙa Zuwa Abijan a Kan Mafarkinka da Muryar Ubangiji

Tahoua, Jamhuriyar Nijar

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana cikin Almasihu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kamar yadda muke nan ƙalau cikin alherin Allah. Saƙonka ya iso. Ka ce ka yi mafarki kana wa'azi a ƙauyenku, sa'an nan wani ɗan'uwa a taronku na addu'a ya gaya maka cewa Ubangiji ya nuna masa ka ajiye aikinka na tashar jiragen ruwa, ka komo gida kafin damina. Kana so ka san ko wannan muryar Allah ce.

Allah yana iya magana ta mafarki, gama ta haka ya gargaɗi Yusufu ya gudu Masar da Maryamu da jariri Yesu. Amma ka duba Irmiya 23:28, inda Ubangiji ya yarda mai mafarki ya faɗi mafarkinsa, sa'an nan ya tambaya ko mene ne haɗin ƙaiƙayi da alkama. Alkamar ita ce maganarsa da aka rubuta. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake cikin Hausa daga farko har ƙarshe, kuma dattawanmu na Galmi da Tsibiri, waɗanda wasunsu suka koyi karatu da girma don su karanta shi da kansu, a can suka fara neman nufin Allah kafin ko'ina. Ni ma can nake so ka fara. Wanda ya umarci a yi shelar bishara shi ne kuma ya faɗa a 1 Timoti 5:8 cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bangaskiya muni, kuma ba zai kira ka ta hanyar da za ta rushe ɗaya daga cikin maganganunsa ba.

Labarin da ya fi dacewa da halinka yana cikin Ayyukan Manzanni sura 16. Bulus da abokan tafiyarsa sun so su yi wa'azi a Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana su. Suka nufi Bitiniya, nan ma aka hana su. Ba su zauna suna jiran alama ba, sai suka ci gaba har Taruwasa, kuma a can ne Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙonsa ya haye ya taimake su. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba yana cikin aya ta 10: Bulus kaɗai ya ga wahayin, amma Luka, marubucin littafin, ya rubuta cewa dukansu ne suka tabbata Allah ya kira su. Ashe ko manzo sai da ya shimfiɗa wahayinsa a gaban 'yan'uwa. Haka Sama'ila, da aka kira shi da dare, sau uku yana tashi zuwa wurin Eli firist, kuma tsohon nan da idanunsa suka dushe, wanda 'ya'yansa ma suka gagare shi, shi ne ya gane cewa Ubangiji ne yake kiran yaron.

Game da ɗan'uwan da ya kawo maka saƙo, ban san shi ba, don haka ba zan zarge shi ba. Bulus ya ce wa Tasalonikawa kada su raina annabci, amma su gwada kome. Abin da bai kwanta mini a rai ba shi ne wa'adin da ya yanka maka. A majami'u na ga gaggawa ta raba mutane da aikinsu, alhali ko Barnaba da Shawulu (wato Bulus) sai da ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗora musu hannu, kafin ta sallame su.

Shawarata ita ce ka fara da uwargida, domin ita za ta ɗauki nauyin wannan tafiya tare da kai, kuma idan kiran gaskiya ne ina sa rai Ubangiji zai shirya zuciyarta. Daga nan ka je wurin fastonku da dattawan ikilisiya, ka gaya musu kome, har da abin da kake samu a wata da kuɗin makarantar yara. Ka kuma tambayi kanka tsakani da Allah ko kewar gida da gajiyar zaman baƙunci ba su da hannu cikin mafarkin. Wannan ba laifi ba ne, amma ya kamata a san sunansa. Kafin amsa ta fito, 'yan ci-rani daga ƙasar Adar suna nan cike da Abijan, suna jin Hausarka. Ka soma hidima a cikinsu, gama a nan ne kai da ikilisiya za ku ga ko an ba ka baiwar koyarwa.

Ka rubuto mini abin da dattawa suka ce. Idan sun ga ya dace, zan yi magana da fastonmu a kan makarantar Littafi Mai Tsarki da kuɗin da ake biya, don ka san inda za ka sa ƙafa. Muna sa ku cikin addu'a. Ka gaida uwargida da yara.

Naka ɗan'uwa cikin Ubangiji