A bar ɗalibanmu su rubuta jarrabawa a ɗakunan karatu (laburare) na kusa da gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya hana ni barci kwana uku a watan jiya.

Ɗiyata ma'aikaciyar jinya ce, tana da aure da 'ya'ya biyu, kuma tana ƙaro ilimi ta hanyar karatu daga nesa a wata jami'a da ke wajen jiharmu. Darussa da aikin gida duk a waya take yin su, da dare bayan ta taso daga aiki. Amma da jarrabawa ta zo, dole ta kama hanya: daga Talata Mafara zuwa Gusau, daga nan ta bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, ta wuce. Duk ɗan Zamfara ya san yadda gaban iyaye ke faɗuwa idan nasu na kan wannan hanya. Takarda uku kawai ta je rubutawa, kowace ba ta wuce awa biyu ba, amma kuɗin mota da masauki da abinci sun cinye kusan rabin albashinta. Ni kuwa carbi na hannu, waya na gefe, har ta dawo.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Amurka ya zo gaishe ni, na ba shi labari. Ya ce, “Baba, ai a can ɗakin karatu na gari ne ke ɗauke wa mutane wannan wahala.” Ga yadda ya bayyana mini. Ɗalibi zai nemi amincewar makarantarsa, ya tsayar da rana da ma'aikacin ɗakin karatu. Makarantar za ta aiko da tambayoyi kai tsaye ga ma'aikacin, ko a rufaffen ambulan ko ta kwamfuta da lambar sirri wadda shi kaɗai ya sani. Ranar jarrabawa zai duba katin shaida, ya karɓe waya da jaka, ya rubuta lokacin farawa da na gamawa, ya sa hannu, ya mayar da amsa ga makarantar ba tare da ta sake shiga hannun ɗalibin ba. Wasu wuraren kyauta ne, wasu ana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Na shekara 31 ina koyarwa, na kuma tsare ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ban ga abu guda a cikin wannan tsari da ya fi ƙarfinmu ba. Ɗaki mai tsit, agogo, akwatin ƙarfe mai kwaɗo da mutum mai amana, su ne jarin.

Na san abin da za a ce: satar amsa. Gaskiya ne, garinmu kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma kunya na sa mai tsaro ya kau da kai. Amma a sanina, maguɗi ya fi samun gindin zama a zauren da aka cusa mutum ɗari biyu a gaban mai tsaro biyu. Mutum biyar a ƙaramin ɗaki, ina za su ɓoye takarda? A hana ma'aikaci tsare danginsa, a ajiye rajista, a sa kamara guda, wanda aka kama da ha'inci a soke izinin cibiyar baki ɗaya.

Wasu kuma za su ce a rubuta a gida, kamarar kwamfuta na kallon ɗalibi. Wanda ke faɗin haka bai zauna da mu ba a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara. Ko a ranar da sabis ke nan, wuta fa? Yara fa? Ɗakin karatu ɗaya mai sola da kwamfutoci goma zai fi gidaje ɗari amfani. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta soma bin sahu, ga yaranmu na ƙauye da yawa ba su taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Ranakun da babu jarrabawa, su zo su koyi amfani da ita.

Kirana ga hukumar ɗakunan karatu ta jiha da Ma'aikatar Ilimi shi ne su zauna da jami'o'in da ke koyarwa daga nesa, irin su NOUN, su ƙulla yarjejeniya. Ba sai an fara da ƙananan hukumomi 14 a lokaci guda ba. A gwada a Gusau da Ƙauran Namoda da Talata Mafara tukuna. Idan ma'aikata ne suka yi ƙaranci, mu tsofaffin malamai muna nan, ni da abokaina huɗu mun riga mun yi shawara za mu yi tsaron ba da ko sisi ba. Ɗiyata na da sauran zango uku kafin ta gama, kuma ina fata ko na ƙarshen ne ta rubuta shi a nan garinmu.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Talata Mafara, Jihar Zamfara