A fara hana kyankyaso ruwa kafin a nemi maganinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in yi magana da magidanta da iyayenmu mata na birnin Sakkwato a kan kyankyaso, da hanyoyin rage shi a gida ba tare da an cika ɗakin kwana da guba ba. Na yi shekaru ina aikin duba-gari kafin in ajiye aiki, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin jama'a suna ƙara dogaro da fiya-fiya da magungunan gona, alhali kuwa kyankyason bai ragu ba, lafiyar mutanen gida ce take ƙara shiga haɗari.

Iri biyu ne suka fi damunmu. Akwai babban nan mai launin ja-ja, wanda tsawonsa ke kaiwa santimita 4, yakan tashi sama idan zafi ya tsananta, kuma mazauninsa shi ne masai da kwata. Masana suna kiransa kyankyason Amurka. Akwai kuma ƙarami mai layi biyu baƙaƙe a bayan kansa, wanda ake kira na Jamus, shi kuwa a kicin da kabad da bayan firji yake zama. Macen babban takan ajiye jakar ƙwai mai ɗauke da ƙwai wajen 16, ta ƙaramin kuwa jakarta takan ɗauki 30 zuwa 40, kuma tana yawo da ita a jikinta har lokacin ƙyanƙyasa ya kusa. Ƙwaron da ya kwana a masai, ya fito da dare ya bi ta kan kwano da cokali da sauran tuwon da ba a rufe ba, yana iya kwaso ƙwayoyin cutar da ke haddasa gudawa da ciwon ciki. Ban da haka, kashinsa da saɓar jikinsa suna bushewa su gauraya da ƙurar ɗaki, kuma an tabbatar suna tayar wa masu asma ciwonsu, musamman yara.

Saboda haka ban ga laifin wanda ya matsu ya rabu da shi ba. Inda nake da ja shi ne a kan abin da ake amfani da shi. Fiya-fiyar da ake ƙullawa a ƙananan kwalabe ba tare da takarda ko ma'auni ba, yawancinta daga sinadarin DDVP ake haɗa ta, wanda maganin ƙwarin gona ne da ke taɓa jijiyoyin mutum kamar yadda yake taɓa na ƙwaro. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta hana sayar da maganin ƙwarin nan Sniper da sauran magungunan da ke ɗauke da wannan sinadari a kasuwanni da manyan kantuna, amma har yau ana yayyafa irinsa a ɗaki, a rufe ƙofa, bayan ɗan lokaci a shimfiɗa wa yara tabarma a wurin. Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar da ake sa wa buhunan wake da hatsi, domin hayaƙin da take fitarwa yana kisa, kuma bai halatta ko kaɗan a ajiye ta a ɗakin da mutane ke kwana ba. Ko kafur ɗin da ake zubawa a cikin akwatin tufafi yana da illa ga jarirai, domin a jikin wasunsu yakan fasa ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, kyankyaso yana iya yin kusan wata guda bai ci komai ba, amma da wuya ya wuce mako guda ba ruwa. Mu kuwa Allah Ya ajiye mu a ƙasar da ake yin wata bakwai ko takwas ba a ga ɗigon ruwan sama ba, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Ke nan duk kyankyason da ya ƙetare rani a gidanka, kai ne ka shayar da shi. Duk mai shakka ya ɗauki tocila bayan kowa ya kwanta, ya haska gindin randa inda yashi ke jiƙe dare da rana, ya ɗaga jarkokin da ɗan ga-ruwa ya sauke, ya duba ƙarƙashin baho a wurin wanke-wanke. Zai gan su sun jeru a gefen danshin suna kaɗa gashin kansu, da haske ya taɓa su sai su watse, kowanne ya nufi tsagar da ya sani. Wannan dubawar ta dare ɗaya ta fi kwalbar magani amfani, domin ita ce za ta nuna maka inda suke sha da inda suke ɓuya.

Gyaran ba mai tsada ba ne. A ɗora randa a kan mazauni mai ɗan tsawo yadda ƙasanta zai riƙa shan iska, a rufe bakinta da faifai ko murfi. A gyara famfon da ke ɗiga. A zubar da ruwan wanke-wanke tun da magariba, a kife kwanuka su bushe, kada a bar tukunyar tuwo cikin jiƙo har safiya, wanda na san al'ada ce a gidaje da yawa saboda ƙanzo ya yi laushi. Idan jiƙon ya zama dole, a rufe tukunyar da murfin da ya zauna daidai. Ruwan kaji da na awaki ma a juye shi da dare, a sake zuba musu da asuba. Gari da sukari da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi su koma cikin robobi masu murfi, a share inda aka ci abincin dare kafin a kwanta, a fitar da shara daga kicin. Tsofaffin kwalaye da buhunan da ake tarawa a lungu a rabu da su, domin a cikinsu ake ajiye ƙwai, kuma sau da yawa a cikin kwalin kaya ƙaramin kyankyaso ke shigowa gida daga kasuwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ma wannan ƙwaro. A bi tsagogin bango da na daɓe da gefen bututu a liƙe su da siminti ko da laka.

Masai kuwa shi ne tushen babban kyankyaso, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Bakin rami yana bukatar murfi mai nauyi wanda ya rufe shi ruf, a mayar da shi bayan kowane amfani. Idan akwai bututun iska, a ɗaure masa raga a samansa. Zuba tokar murhu a ramin a kai a kai yana rage danshi da wari da ƙudaje, tafasasshen ruwa kuma yana kashe waɗanda suka maƙale a gefen bakin ramin da cikin kwata. Ina gargaɗi da babbar murya a kan zuba fetur ko kalanzir ko baƙin mai a masai, domin iskar da ke taruwa a ramin tana kama wuta, sannan abin da aka zuba yana iya tsiyaya zuwa rijiyar da ke kusa.

Sai bayan an yi waɗannan ne magungunan gida suke yin tasiri. Mafi sauƙinsu shi ne ruwan sabulu mai kumfa a cikin kwalbar feshi. Kyankyaso yana numfashi ne ta wasu ƙananan ƙofofi a gefen jikinsa, ruwan sabulun yakan toshe su idan an jiƙa shi sosai, amma wanda aka fesa wa kaɗai yake kashewa. Akwai kuma tarkon kwalba: a samu kwalba mai faɗin baki, a shafa man gyaɗa ko basilin a cikin wuyanta, a jefa ɗan burodi da yankan albasa, a naɗe bayanta da tsumma domin su samu abin hawa, a jingina ta da bango. Suna shiga, santsi ya hana su fita, da safe a zuba musu ruwan zafi. Tarkon yana kuma nuna maka ko yawansu na raguwa daga mako zuwa mako.

A ganina babu abin da ya kai hodar borik aiki a cikin duk abubuwan da ake haɗawa a gida. Farin gari ne da ake samu daga ma'adinin ƙasa, ba ya tashi ya cika ɗaki da wari, kuma akan same shi a wasu shagunan magani. Ana haɗa kashi ɗaya nasa da kashi biyu na garin alkama da ɗan sukari, a kwaɓa da ruwa kaɗan, a mulmula ƙanana, a sa a cikin murafun kwalba, a tura bayan kabad da ƙarƙashin firji. Ƙwaron yakan ci ya koma maɓoyarsa ya mutu bayan 'yan kwanaki, 'yan uwansa da suka ci gawarsa su ma su kamu. Sai dai kada a ɗauka cewa abin da ba na feshi ba ne ba ya cutarwa. Borik guba ne ga yaron da ya haɗiye shi da yawa, haka ga kaji da kyanwa, don haka gidan da ke da mai rarrafe sai a ajiye shi inda hannu ba ya kaiwa, a kuma wanke hannu bayan haɗawa.

Dogon yaro kuwa ga shi nan a kowane titi na Sakkwato, 'ya'yansa suna zuba ana takawa. Ƙarfinsa ya fi yawa a ƙwallon, ganyen yana biye. Ana busar da ƙwallon a inuwa, a ɓare, a daka, a jiƙa giram 50 a cikin lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a ƙara ɗan sabulu, a fesa a lunguna da gefen masai. Sinadarin da ke cikinsa yana rage wa ƙwaro cin abinci, yana kuma hana ƙanana yin saɓa su girma, shi ya sa aikinsa ke tafiya a hankali. Rana tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, don haka da yamma ake fesawa, a kuma maimaita duk mako. Kanumfari da na'a-na'a da tafarnuwa da ake yawan ambata, iyakarsu su kori kyankyaso daga kabad na ɗan lokaci, ya koma wani lungun. Garin bekin soda da sukari da ake yaɗawa a wayoyi ma ban ga ya kama ƙafar borik ba.

Dole a yi haƙuri, domin jakar ƙwai tana da tauri, feshi ba ya ratsa ta. Ƙwan ƙaramin yakan ƙyanƙyashe cikin kusan mako huɗu, na babban kuwa yakan kai mako shida zuwa takwas. Wanda ya daina bayan kwana goma don ya ga sun ɓace, zai sake ganin ƙanana sun cika wurin. A ci gaba har wata uku, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, kafin ruwan Yuni ya sauka kwatoci su cika.

A unguwanni masu cunkoso irin su Mabera da Runjin Sambo da tsohon gari, inda katanga ɗaya ke raba gida da gida kuma kwata ɗaya ke bi ta ƙofar kowa, wanda ya gyara nasa shi kaɗai zai ci gaba da karɓar baƙi daga maƙwabta. Don haka ina roƙon masu unguwanni su sa rana guda a kowane wata kafin damina, matasa su yashe kwatoci, kowane magidanci ya duba murfin masansa. Ina roƙon limamanmu su taɓo batun a wa'azi, malaman asibiti su faɗa wa mata masu zuwa awo illar kafur da fiya-fiya, kai kuma Malam Edita ka tura wakilinku kasuwannin garin nan ya ga yadda ake sayar da waɗannan kwalabe a fili, ya rubuto wa jama'a abin da ya gani.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon ma'aikacin duba-gari,
Mabera, Sakkwato.